Ɗakunan da Na Kulle wa 'Yan Haya

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kuma duk wanda ka gamu da shi a Potiskum maganarsa ɗaya ce, wai bai taɓa ganin zafi irin wannan ba. Yarinta ce. Ni na gani. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara kamar ana tafiya a kansa, iska ta tsaya cak, akuya ta shige ƙarƙashin motar da aka ajiye ta ƙi fitowa. Da la'asar samari su yi layi wurin mai ƙanƙara, kowa da leda a hannu, suna ƙorafin ba wuta. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida nan unguwar Yerimaram, mai Keke Napep ɗin da yake kai ni kasuwa ya tsaya ya ce, "Baba Ado, kai ai ka huta. Kana da gidan haya, kana kwance wata yana ƙarewa." Na ce masa ya ja kekensa ya ba ni wuri. Ya tafi yana dariya, ya ɗauka azumi ne ya taɓa ni.

Ba azumi ba ne. Watan yana zagayawa, bayan shekara talatin da 'yan kai sai ya dawo lokacin da ya bari. To ya dawo, ya same ni a ƙofar gidan da na gyara a wancan zagayen. Ni ban yi nisa a boko ba, daga aji biyu na sakandare na tsaya, amma abin da ya faru zan iya rubuta shi yadda ya faru.

Lokacin ina sayar da dusa da harawa a kasuwar shanu. Iyayenmu daga Kano suka zo da fatauci suka zauna, mu nan aka haife mu. Da mahaifina ya rasu aka raba gado, rabona bijimai biyu ne. Na sayar da su na sayi kango a hannun magadan wani tsoho. Kango ne na gaske. Katangar gabas ta zube, ƙaya ta fito a tsakar gida, awakin unguwa sun mai da shi wurin kwana. Ɗakuna uku ne. Biyu suna gaba, bakin hanya, babu rufi a kansu sai sama. Na ukun yana can ciki, ɗakin soro, shi rufinsa na ƙasa yana nan.

A shekarar ana ta raɗe-raɗin za a yanke mu daga Borno a ba mu jiha, kuma a majalisarmu ta kasuwa ba mai shakkar Potiskum ce za ta zama hedkwata. Wa ya fi mu jama'a? Wa ya fi mu kasuwa? Ma'aikata za su cika gari, kowa da takardarsa da akwatinsa, yana neman ɗaki. Shirina ke nan. In gyara na gaban nan biyu in zuba 'yan haya, mu mu lallaɓa a na ciki, in hali ya samu in sayi fili a wani wuri in bar musu gidan gaba ɗaya. Tun ranar da na saye shi ban taɓa kallonsa a matsayin gidana ba. Gidan haya nake gani, mu kuma masu gadi.

Matata Kaltume 'yar Nangere ce. Ba mu cika shekara da aure ba, muna zaune a wani ɗaki a gidan baffana, ɗansa kuma zai yi aure bayan salla, yana son ɗakin. Don haka saura kwana uku a kama azumi muka ɗora kayanmu a amalanke muka tare a kango. Tana da ƙaramin ciki. Ta share kashin awaki, ta jera kwanukanta a ɗakin ciki, ta rataya labule a ƙofar da babu ƙyaure. Ta ce, "Malam, ko ba komai namu ne." Ni kuwa ina can ina auna faɗin ɗakunan gaba da taku.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, hatsi ya yi wuya tun kafin sanyi ya wuce. Rijiyoyin unguwa sun ja baya, ka zura guga har igiya ta ƙare ka ɗaura wata, ya fito da rabin ruwa rabin laka. Ginin ƙasa kuwa ruwa yake sha. Yanzu in za ka yi gini tifa ta kawo yashi, a kira mai bulo, a sayi ruwan borehol a kura, a gama ba ka taɓa laka ba. Mu a lokacinmu, jakai ne suke kawo jar ƙasa daga bayan gari, a zube, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a shiga a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta yi laushi kafin a taɓa ta.

Maginina Baba Disa ne, wani dattijo daga Danchuwa, gajere, ƙafafunsa duk faso. Ba ya kirana da suna, sai "Bakano". Sauran aikin gayya ce. Gayya kuwa da tuwo ake biyan ta, ga shi azumi ne, ba a ciyar da mutum da rana. Sai muka shirya a yi aiki daga sallar asuba zuwa hantsi, a dawo a sha ruwa a gidana da magariba. Abokina Buba, Bafulatanin da ya bar kiwo ya zauna gari yana dillancin shanu, shi ya tara mini mutane. Ran farko mun kai goma sha biyu. Zuwa goman tsakiya mun koma huɗu.

Ga yadda ranakun suke tafiya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo. Ana sallame asuba Kaltume ta ɗauki garwa ta nufi rijiya don ta kama layi, mu kuma mu shiga kwaɓi. Da sanyin safiyar nan laka tana da daɗi a ƙafa, har Buba yana tsokanata.

"Kaɗo, taka da kyau mana. Ko ka ɗauka dusa kake aunawa, kana danne mudu?"

"Ɗan Fillo, kai da ka tashi a bukkar kara, me ka sani a gini?"

"Na san bukka ba ta taɓa hana ni barci ba."

Rana tana ɗagowa wasa yake ƙarewa. Baba Disa yana kan katanga, mu muna cura ƙasa muna jefa masa, yana cafewa yana dannawa. Gumi ya zubo ya shiga ido, ya bushe ya bar farin gishiri a wuya. Harshe ya yi kauri a baki. Abin da ya fi ciwo shi ne ruwan nan da muke zubawa a ƙasa, kana jin ƙamshinsa yana tashi daga laka, garwa bayan garwa, kai kuma ko yawu babu. Akwai wani cikinmu da na gani ya tsuguna ya shafa laka a ƙirjinsa da goshinsa don ya ji sanyi. Ba wanda ya yi masa dariya.

Kaltume tana yin sawu shida, wani lokaci bakwai, kafin rana ta take. Matan maƙwabta sun ce ta ajiye azumin, mai ciki an yi mata rangwame. Ta ce cikin bai yi nauyi ba tukuna. In mun watse, maza su je su baje a gindin bishiyar maina, wato dogon yaro, ita sai ta shiga surfe da daka. Ina kwance a inuwar katanga ina jin taɓaryarta, tana yi tana tsayawa, tana yi tana tsayawa. Kafin magariba ta dama kunun tsamiya tukunya guda, ta soya ƙosai in da wake, ta tuƙa tuwon mutum goma. Geron da na tanada don damina haka ya riƙa tafiya, gayya tana cinye shi.

Ranar goma sha takwas ga wata katangu suka kai. Na je na sayo kwano da katako da ƙusa, iya abin da ya rage mini ke nan, kuma daidai ɗaki biyu zai rufe. Aka sauke shi a tsakar gida yana ƙyalli, ba a iya kallonsa da rana. Kaltume ta fito ta shafa shi da hannu, ta janye da sauri don zafi, ta yi dariya. A gidansu babu rufin kwano.

A ranar Baba Disa ya ce in zo mu duba ɗakin ciki. Rufin soro, ga wanda bai sani ba, azara ake jerawa, wato tsagin itacen giginya, a shimfiɗa zana a kai, a zuba ƙasa a daddaɓe. Ya kifa turmi ya hau, ya riƙa ƙwanƙwasa azarun ɗaya bayan ɗaya da ƙotar gizagonsa, yana kasa kunne. Na bakin bango suna amsawa da ƙarfi. Da ya zo tsakiya sai sautin ya sauya, kamar ana buga busasshiyar gora. Ya zaro wuƙa ya caka, ta shige kamar a dafaffiyar kabewa. Garin itace ya zubo masa a gemu.

Ya ce, "Bakano, gara ta riga ka tarewa a gidan nan. Huɗun nan na tsakiya fanko ne."

Na ce, "To ai suna tsaye."

"Suna tsaye don ƙasar kansu a bushe take. Tsohon da ya zauna a nan, kowace bazara sai ya hau ya ƙara yaɓe, bai taɓa kankare na bara ba. Je ka duba kaurinta ta wajen indararo, ya kai kamu biyu. In marka ta zo ta sha ruwa, nauyinta zai ninka. Abu biyu ne. Ko a sauke rufin nan gaba ɗaya a sake azara, ko ka kawo kwanonka nan, ɗaya na gaba ya jira baɗi."

"Ma'aikacin gwamnati ba zai jira baɗi ba, Baba."

"Wane ma'aikaci? Ka gan shi?"

"Yana zuwa."

"Wannan da take tsaye a ƙofa fa? Ita ta riga ta zo."

Kaltume tana bakin ƙofa da muciya a hannu. Ta sunkuyar da kai ta koma madafi.

Ni ga abin da nake gani a lokacin. Sauke rufi aikin kwana goma ne, gayya ta watse, gero ya kusa ƙarewa, azara kuma daga nesa ake kawo ta, ba ni da abin sayenta. Kuma na tashi ina ganin kowa a unguwarmu yana hawa soro kafin damina yana ƙara yaɓe, ban taɓa jin an ce ƙarin ƙasa laifi ne ba. A wurina rufi in ba ya yoyo to lafiyarsa ƙalau. Na ce wa Baba Disa ya yi mini yaɓe mai kauri a kai, shi ke nan.

Ya sauko daga kan turmin, ya kakkaɓe gemunsa. Ya ce, "Ina azumi, ba zan yi maka rantsuwa ba. Amma hannuna ba ya cikin wannan. Ku mutanen Kano, komai kasuwa ne, har wurin kwana."

Ya gama mini na gaba, kafinta ya buga kwano, ya ɗauki gizagonsa ya koma Danchuwa. Yaɓen ni da Buba muka yi shi a goman ƙarshe. Shi yana miƙo ƙasa a kwando daga ƙasa, ni ina sama, ƙasar rufin tana ƙona mini tafin ƙafa. Ban yi ha'inci ba, wannan kam ba wanda zai ce na yi. Na zuba ƙasa fiye da yadda ake zubawa, na daddaɓe, na shafe da hannu har ta yi sumul. Kowane kwando Kaltume ce ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa shi. Buba ya ce daga ƙasa, "Kaɗo, ya isa haka, ba ganuwa kake yi ba." Na ce ya ƙaro biyar.

Ana gobe salla na shafe ɗakunan gaba da farar ƙasa, na sa musu ƙyauren katako, na sayo kwaɗo biyu na datse. 'Yan makullan na zura su a igiya na sa a aljihu. Ɗakinmu har lokacin labule ne.

Ruwan farko ya zo da iska da ƙamshin ƙasa. Na tsaya tsakiyar ɗakin ciki ina duban sama, ko ɗigo babu. Na kira Kaltume na ce ta zo ta gani, ina ma tsohon nan yana nan. Ta ce, "Allah ya sa ya ɗore."

Na samu aron gona a hanyar Danchuwa, na shuka gero da wake. Daga nan yunwa ta shigo sosai. Ciyawa ta fito, ba mai sayen harawa, kasuwata ta mutu. Muka koma cin abinci sau ɗaya, sai kunu da safe, shi ma tsararo. Kaltume tana fita bayan gari da matan unguwa su yago tafasa da rama, ta dafa ta murmusa ƙuli-ƙuli ɗaya a kai. Cikinta ya fito, wuyanta ya rame, ƙafafunta suka kumbura. Mutum biyu sun zo neman ɗaki. Ɗaya mai gyaran keke ne, ɗaya mahauci. Na kore su. Na ce ba zan bari a shafa mini baƙin mai ko kitse a bango ba, masu takalmi da rediyo nake jira.

Da marka ta kama, ɗakin ya fara magana. In an yi ruwa mai yawa sai ka ji wani ɗan ƙas, ƙas daga sama, kamar ana karya tsinke. Garin itace ya riƙa zuba, Kaltume ta koma rufe kwanon abinci da faifai ko muna cikin ci. Wata safiya ta nuna mini azarun tsakiya, sun yi ciki sun lanƙwaso. Na samo gwafa na tokare su, na ce an gama.

Ta ce, "Malam, mu koma na gaba mana, ko zuwa ruwa ya ɗauke. Ɗaya kawai."

"Hayaƙin fitila zai ɓata farar ƙasar."

"Sai mu kwana a duhu."

"In an zauna a ɗaki ya daina zama sabo. Mai haya yana shigowa zai ji warin mutane."

"Mu ne warin?"

Na ce kada ta juya mini magana. Ta yi shiru. Ita ba mai yawan magana ba ce, ni kuma na ɗauki shirun nan nata kamar ta yarda.

Sai aka shiga ruwan da ba ya ɗaukewa. Ba mai ƙarfi ba ne, yayyafi ne mai naci, sama ta yi fari fat, ba rana ba iska. Kwana ɗaya, kwana biyu. Itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, tabarma ta yi sanyi, kaya suka fara warin ruma. Katangu suka sha ruwa har suka yi duhu, ana jin ta wane ta zube, ta wane ta zube. Cikin wannan ruwan aka ji a rediyo an ba mu jihar. Amma hedkwata Damaturu.

Washegari, kwana na uku na ruwan, bayan azahar na ɗauki buhu na rufa a ka. Ina so in je wurin dillalin gidaje a bakin tasha in ji ko duk da haka za a turo ma'aikata nan. Kaltume tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, tana tsince wake. Rumfar madafi tana zuba, babu inda za ta zauna sai nan.

Ta ce, "Bar mini makulli ɗaya. Tun safe rufin nan yake ƙara."

Na taɓa aljihuna. Wallahi na taɓa, igiyar tana hannuna. Sai na tuna ƙafafunta duk laka ne, za ta taka mini daɓe. Na ce, "In na dawo ma yi magana."

A wurin dillali muka cika rumfa, kowa yana zagin wanda ya ga dama. Dillalin yana cewa a kwantar da hankali, ko ba hedkwata ai za a buɗe ofisoshi. Ina nan ina jin daɗin maganarsa sai ga Buba a guje, ba hula, laka har gwiwa. Bai tsokane ni ba, bai ce Kaɗo ba. Ya ce, "Ado, taso."

Da na shigo layinmu na tarar da mutane cike da gidan. Ɗakunan gaba suna tsaye, farare, ruwa yana gangarowa daga kwano. Na wuce su. Ɗakin ciki bangonsa huɗu suna nan, labulen yana rataye, amma sama a buɗe take, ruwa yana sauka a kan tulin jar laka da ya kai ƙugu. Maƙwabta sun zo da fartanya da shebur, wani dattijo yana ihu a ajiye ƙarfe, kada a sare ta, a tona da hannu. Muka durƙusa muna kwasa. Ƙasar tana da nauyi, tana manne wa yatsu. Na gane tawa. Ta sama ce, mai sumul, wadda ciyawarta ba ta ruɓe ba tukuna. Ita muka fara kwashewa kafin mu kai ga ta tsohon.

Jinginar da ta yi da bango ita ta bar ta da rai. Azarun sun karye a tsakiya, gefensu ya tokare da bango ya bar ɗan wuri. Kanta da ƙirjinta suna cikin wurin nan, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma laka ta danne. Idonta a buɗe yake, cike da ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Faifan waken yana nan a gefenta. Da muka jawo ta mata suka rufa mata zane, suka ce maza su juya baya, na san me suka gani.

Wata mata ta ce a shigar da ita inda babu ruwa kafin a kawo amalanke. Kowa ya juyo ya dube ni. Na zaro igiyar a gaban mutanen unguwa, laka ta toshe bakin makullin, sai da na goge shi a riga. Ƙofar ta buɗe. Ɗakin a bushe, yana ƙamshin farar ƙasa da sabon katako. Nan aka kwantar da ita a kan daɓe. Zamanta ke nan a ɗakin, bai fi na shan kunu ba.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, da cinya ɗaya. Cikin bai tsira ba. Ɗan namiji ne. Ni da Buba da limamin unguwa muka kai shi maƙabarta, ruwa bai ɗauke ba, ramin yana tara ruwa muna kwalfewa. Baba Disa ya ji labari ya zo daga Danchuwa a ƙafa ya yi mini gaisuwa. Na zauna ina jiran ya faɗi abin da yake da ikon faɗa. Bai faɗa ba. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Ado." Ranar ce kaɗai ya kira sunana.

Ta yi wata biyu a kwance. Kullum ina kai abinci, maƙwabta ne suke dafawa. In na gaishe ta takan amsa, in na yi shiru ita ma ta yi. Kafin a sallame ta gero ya nuna, na yanka, na kawo damma na jingina a tsakar gida. Na wanke ɗakin gaba na dama, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na jera abin da ya tsira na kwanukanta, waɗanda suka lotse na bubbuga su suka miƙe.

Ranar sallama yayanta Haruna ya zo daga Nangere da motar kasuwa. Aka fito da ita tana dogara sanda, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na matsa na ce, "Na gyara miki ɗakin gaba. Na dama, wanda ya fi girma."

Ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi mini. Ta ce, "A'a, Malam. Na 'yan haya ne." Ta juya ta ce, "Yaya, mu tafi."

Na bi ta Nangere sau huɗu. Iyayenta ba su ci mutuncina ba, suna ba ni ruwa, suna ba ni tabarma. A zuwa na huɗu Haruna ya fito da ni waje ya ce ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma ba za ta iya kwana a ƙarƙashin rufin da ni na ce yana da kyau ba. Takardarta take so. Na ari biro a wurinsa na rubuta a kan gwiwata. Daga baya na ji ta auri wani malamin allo a can, ba ta sake haihuwa ba, kuma har ta rasu da sandar take tafiya.

Kwana tara bayan takardar, da hantsi, dillali ya kawo mini mutum. Malamin asibitin dabbobi ne aka turo daga wani gari, da takalmi sau-ciki da rediyo a rataye a kafaɗa, irin wanda na yi ta jira. Ya leƙa tsakar gida ya ga bangaye huɗu ba rufi da tulin ƙasa da ciyawa ta fara fitowa a kai, ya tambaya me ya faru a can. Dillali ya yi sauri ya ce tsohon gini ne, za a kwashe. Na buɗe masa na hagu. Ya shiga yana taku, ya shafa bango ya duba yatsansa, ya girgiza ƙyaure, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwano. Ya ce iyalinsa za su biyo shi, matarsa ga ta da goyo, shi ba ya son wahala.

"Maigida, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Ba ya yoyo?"

Na ce, "Ba ya yoyo. An yi ruwan kwana uku a kansa, ko ɗigo bai shiga ba."

Ya ce madalla, ya miƙo hannu. Na kwance makullin daga igiya na ba shi.